Kwana Sha Bakwai Ba Ɗigo

Ranar da muka cika kwana goma sha bakwai ba ko yayyafi, majalisarmu ta gindin dalbejiya ta cika tun ba a daɗe da sallame La'asar ba. Haka muke a unguwar nan. In ruwa na sauka kowa yana gona, ba ka samun kowa a dandali sai tsofaffi da mai shayi. In sama ta ɗauke kuwa, tabarma uku ba ta isar mu. Mutum zai yi sallama, kafin a amsa masa ya riga ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Tsakiyar Yuli ce. Mun yi shuka, mun yi firi, wasu sun shiga maimai, har an zuba takin da aka ciwo bashi. Da hantsi na zaga gonata ta jigawa. Masara ta kai ƙugu, amma ganyenta ya nannaɗe ya miƙe tsaye kamar na albasa, launinsa ya koma toka-toka. Na tona ƙasa da hannu har kusan taƙi guda ban taɓa danshi ba. Kunya biyu daga iyakata kuwa geron maƙwabcina yana tsaye abinsa, ya ɗan yi yaushi, amma da ganinsa ka san zai iya ƙara mako. Wannan labarin na kawo wa majalisa, kuma ban iya ɓoye damuwata ba, domin duk abin da na samu a noman rani a masarar nan na zuba shi.

Kawu ya bari na gama, sannan ya ce, "Sannu ɗana. Allah ya kawo mai albarka." Aka amsa da amin. Ya gyara zaman carbinsa ya ce, "Amma kada ku kira wannan fari tukuna. Ni na ga fari da idona a 1973, ina da mata da ɗa guda a lokacin. Shuka uku muka yi, duk uku rana ta cinye."

Mun sha jin labarin nan, amma ba a taɓa katse shi. Ya faɗi yadda Buzaye da Fulani suka dinga gangarowa daga arewa da ɗan abin da ya saura na dukiyarsu, saniya ƙashi da fata ana ba da ita a kan 'yan tiyoyin hatsi, mushe a bakin hanya har ungulu ta ƙoshi. Mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar da ta tara. Ana jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya musu ruwa don ɗaci ya fita a samu a ci. Ya ce kakarsa tana kallonsu tana cewa su gode wa Allah, ita ta ga Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, lokacin da babu mota babu titi balle a kawo gudummawa. Bayan farin 1973 da shekara biyu kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kanannaɗe ganyenta, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tsayuwa ba.

Wani yaro a bakin tabarma ya ce, "To Baba, ku da me kuka tsira?"

"Da rashin yarda da damina," in ji Kawu. "Ubana bai taɓa amince wa damina ba, ko ta fara da kyau. Gona guda za ka tarar da gero, da dawa, da maiwa, da wake, ga yakuwa da kuɓewa a iyaka. Gero kwana tamanin zuwa casa'in ya nuna, in ruwa ya ɗauke da wuri shi ya riga ya tsere. In ruwa ya yi tsawo, dawa da maiwa su more. Wake yana ƙarƙashi yana rufe ƙasa, in bai yi 'ya'ya ba ya yi harawa. Sannan gonarmu ba a wuri ɗaya take ba, akwai ta jigawa, akwai ta kwari. Shekarar marka jigawa ta ciyar da mu, shekarar ƙarancin ruwa kwari ya rufa asiri. Iri kuwa kashi uku uwata take yi masa, ba a fitar da na biyu sai na farko ya mutu."

Ina sauraronsa ina lissafin gonata. Hekta ɗaya da rabi, masara zalla, iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka ta. Ba wauta ce ta kai mu ga haka ba, kuma ba zan yarda a ce lalaci ne ba. Masara in ta sami taki da ruwa tana ba da abin da gero ba zai bayar ba, kasuwarta a buɗe take, masu abincin kaji suna jira, ga kuɗin makaranta da na asibiti da iyayenmu ba su san irinsu ba. Gonar gandu kuma an raba ta gado bayan gado har ta koma falle-falle, wanda ya sami jigawa bai sami kwari ba. Amma gaskiya ɗaya ce: masara ba ta haƙuri, musamman in ta zo fitar da bunu da gemu. Mako biyu na ƙishirwa a wannan gaɓar ya isa ya bar mutum da kara. Mun ɗauki amfanin da ya fi son ruwa mun shimfiɗa shi a ƙasar da ruwanta ba shi da alkawari, muka kuma ture wanda ya san halin ƙasar zuwa gefe.

Daga nan gardama ta koma kan binne. Rabin majalisa masu binne ne: a zuba gero a busasshiyar ƙasa tun bazara, ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Sauran suka ce asarar iri ce, yayyafi kaɗan zai tsirar da shi ya bar shi ya ƙone. Ɗan yayana, wanda ya yi karatun aikin gona a Samaru, muke kuma ce masa malamin gona, ya ce duka biyun suna da gaskiya, ya danganta da abin da mutum ya binne. Gero irinsa kaɗan ne, ko ya mutu ba ka yi asarar kirki ba. Amma irin masara na kanti da aka saya da tsada, ba a yi masa ganganci, a jira ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, a kuma ga alamar wani na biye. Ya ce hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da ake sa ran faruwarta, da tsawonta, da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya. Kawu ya ce shi shamuwa yake jira. Malamin gona ya ce, "Kawu, a riƙe shamuwa, a kuma kunna rediyo." Aka yi dariya, har da Kawun. Yaron ya ƙara da cewa geron SOSAT da cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, da wake mai saurin nuna, an yi su ne saboda irin wannan shekarar, kuma suna nan a kasuwar garinmu muna wuce su.

Liman ya daɗe bai ce komai ba. Da aka zo zancen rumbu ne ya yi gyaran murya. Ya tuna mana Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani, da shawarar da ya bayar cewa a bar hatsi cikin zangarniyarsa. "Abin da kakanninku suke yi ke nan," in ji shi. "Dami suke jerawa a rumbu, ba sussukakke ba, gero ya shekara uku lafiya lau." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yau rumbu nawa ya rage a unguwar nan?" Aka ƙirga da baki, ba su cika goma ba. Mu yanzu a kaka muke sayarwa, lokacin da hatsi ya fi arha, domin mai taki yana bakin ƙofa. Watan Yuli mu koma mu auno shi a hannun wanda muka sayar wa, da ninkin kuɗi. Kowa a wurin ya san wannan, shi ya sa ba a ja zancen ba.

Mai shayinmu Ba'adare ne, daga wajen Illela ta jihar Tawa. Shekararsa ashirin da wani abu tare da mu, 'ya'yansa a nan aka haife su. Yana jin komai yana firfita gawayi. Da ya miƙa wa Kawu kofi sai ya ce, "Baba, ku 1973 kuka riƙe, mu 1984 munka riƙe. El-Buhari muke ce mata, don ta zo daidai da rufe iyaka, ba hatsi can, ba hanyar zuwa nan. Bayan ta ne munka koyi haƙa tassa."

Ya ajiye mafici ya durƙusa a ƙasa, ya share wuri da tafin hannu, ya zana da'ira kamar faɗin faranti. Ya ce fako suke nema, ƙasar nan da ta ƙeƙashe ta yi santsi kamar daɓe, wadda ko ciyawa ba ta fita, ruwa in ya sauka ya bi ta kai ya wuce. Da rani, lokacin da babu aikin gona, sai a bi ta da rami-rami, faɗin taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfi kamar tsawon tafin hannu, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare kamar jinjirin wata, don ta tare ruwa. A kowane rami a zuba tafi ɗaya ko biyu na takin gida. Iska za ta kwaso ganye da ƙura ta ƙara a ciki. Gara ta biyo takin ta huhhuda ƙasa ta ƙarƙashi. Ranar da ruwa ya sauka, maimakon ya gudu, sai ya tsaya a rami ya bi hanyoyin gara ya nutse. A nan ake shuka. "Ko sama ta ɗauke kwana ashirin," in ji shi, "ka sa hannu cikin tassa ka ji sanyi." Ya ce a 1989 ne aka kai wasu manoman Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda mutanen can suka gyara wannan tsohuwar dabara da suke kira zai, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo ke nan, wanda ya rasu a 2023. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Har ta kai ana sayen fako da kuɗi, ƙasar da a da ko kyauta ba mai karɓa.

Malamin gona ya karɓe da lissafi, kuma lissafin nan ya tsaya mini a rai. Ya ce in aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, to a kan hekta guda lita 10,000 ke nan ta sauka, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 400. Ruwan dare ɗaya mai milimita 30 jarka 12,000 ne a hekta guda. "Yanzu ku tuna ruwan da aka yi farkon watan jiya," in ji shi, "wanda ya yanke hanyar kasuwa. Ina ya tafi?" Mun san inda ya tafi. Ya bi zaizaya ya faɗa kogi, ya tafi da takinmu da ƙasarmu ta sama. Wannan ruwan da ya wuce ta kan gonata cikin sa'a biyu shi masarata take kuka a kai yau.

Ba'adare bai gama ba. Ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki da ya zo nan shi ne sassabenmu. Muna bin gona da gatari da ashana, duk kututturen da ya tofo mu sare mu ƙone, sai mun ga fili fetal hankalinmu yake kwanciya. Ya ce su ma haka suke a da. A Maraɗi ne wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da ake sarewa duk shekara bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa tun zamanin da. Ba sai an dasa ba, ba sai an yi ban-ruwa ba. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga awaki. Sassaben zamani suke ce masa. Yau a jihohin Maraɗi da Damagaram ana maganar hekta miliyan 5 da bishiya kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Kalgo, sabara, aduwa, magarya, uwa-uba gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore da rani dabba ta sami inuwa da 'ya'ya. Kawu ya ce wannan ba sai an faɗa masa ba, tun yana yaro ya san geron gindin gawo ya fi na ko'ina.

Sarkin Noma bai bari abin ya wuce haka ba, kuma na ji daɗin da ya yi magana. Ya ce tassa aikin ƙarfi ce, ramuka dubbai a hekta guda cikin zafin bazara, alhali samarinmu a lokacin suna birni cin rani ko suna kan babur. Ya ce a rairayin jigawa ba ta zama, ramin rushewa yake, sai a ƙasa mai tauri. Bishiya kuma tana tara tsuntsu, tana hana garmar shanu tafiya kai tsaye, ka rene ta shekara uku wani ya zo da dare ya sare. Ba'adare ya ce duk gaskiya ne, Sarki, su ma sai da gari ya haɗu ya sa doka a kan mai sara kafin abin ya zauna. Ni dai abin da na gani shi ne muna da fako a bayan maƙabarta da ya fi hekta goma, shekara da shekaru yara ke buga ƙwallo a kai.

Sai wani daga cikin samari ya ce, "Ni fa duk wannan bai dame ni ba. In damina ta ƙi, ai ga fadama, ga inji." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta hirar nan, domin ita ce maganar da yawancinmu muke yi a zuci, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro.

Na tarar da jigo. Ina yaro mahaifina yana da shi a bakin lambu: gwafa biyu, doguwar sanda a gicciye, curin laka a gindi, guga a ɗaya bakin. Ya ja, ya tsoma, ya saki, ya juye a kwararo, ni kuma ina can da 'yar fartanya ina buɗe wa fangali ina toshe wani. Tun asuba har rana ta take, abin da za mu shayar bai wuce 'yan fangalai ba. Wahala ce, ba na fatan ɗana ya yi ta. Amma mai jigo ya san nauyin kowane guga a kafaɗarsa, ba ya barin ɗigo ya bi inda ba shuka. In fangali ya sha, nan take ake toshewa.

Inji ya shigo mana a shekarun 1980, lokacin da hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara huda rijiyar bututu a fadamu. Da aka hana shigo da alkama a 1987 kowa ya ruga noman ta, sannan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya baza rijiyoyin da injinan ko'ina. Alheri ne babba, ba mai musu. Da shi muka yi rufin kwano, da shi aka yi aure, da shi wasu suka sauke farali. Amma ku zo ku ga yadda muke ban-ruwa yanzu. A tayar da inji, a jefa tiyo, a tafi gindin mangwaro a kwanta. Fangali ya cika ya tumbatsa, ruwa ya fasa ya bi hanya, tiyo ya huje wuri biyar an ɗaure da leda yana tsiyaya. Da tsakar rana muke yi, lokacin da zafi da iska suke shan rabonsu. Tumatir ya sha har saiwarsa ta ruɓe, mu ce cuta ce mu sayo magani.

Irin injin namu ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, gaba huɗu da wani abu ke nan. Lokacin da na huda rijiyata, a kan ƙasa nake ajiye inji har ƙarshen rani. Shekara biyar da suka wuce sai da na haƙa masa rami iya ƙugu na saukar da shi kafin ya kama. Bana ramin ya shanye ni har wuya, da tsani nake sauka. Da na faɗi haka, mutum huɗu suka ce su ma haka. A da rijiya shida ce a wannan ɓangaren fadama, yanzu ba mai iya ƙirga su, kuma duk ƙwarya ɗaya muke sha.

Goggo mai ƙosai tana gefe tana haɗa wuta, ba ta cika sa baki a hirar maza ba. Ranar ta sa. Ta ce, "Ku yi mini aikin gafara, Malam. Ku kuna maganar tumatir. Mu daga watan Maris rijiyar unguwa guga ba ya cika, sai laka. Tuƙa-tuƙa sai an yi ta bugu kafin ta kawo. Jikata tun kiran assalatu take layi, rana ta fito ba ta dawo ba, makaranta ta wuce ta. Da kun kashe injinanku damina ta faɗi, ruwa ya dawo. Ni ban yi boko ba, amma na san wanda ke shanye mana." Ba wanda ya ba ta amsa. Na sunkuyar da kai, domin injina yana cikin waɗanda take nufi.

Abin da ya ɗan taka mana birki tsadar mai ce. Da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Nan da nan kowa ya koyi kashe inji. Wasu suka mayar da nasu na gas, masu hali suka sayi sola. Sola ni'ima ce, ina fatan kowa ya samu. Sai dai na ga abin da take jawowa a lambun da ke kusa da nawa: tunda rana ba ta karɓar kuɗi, daga fitowarta har faɗuwarta ruwa na kwarara, ko ana bukata ko ba a yi. Mai aljihu ya huda mai zurfi ya sa famfon da ke nutsewa, ya janye ruwan ƙasa, talakan da ke gefensa ya wayi gari injinsa na shaƙar iska.

Shinkafar rani ita ce gwanar sha. Malamin gona ya ce a ƙiyasin masana kilo guda na shinkafa yana cin ruwa kusan lita 2,500 kafin ya zo hannu, jarka 100 ke nan. Ya ce cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin ta daɗe da nuna cewa ba dole ta kwana cikin ruwa kullum ba. A yanki bututun roba kamar kamu ɗaya, a huhhuda rabinsa, a kafa shi a fangali, a kwashe ƙasar cikinsa. A bar ruwan saman ya janye, ana leƙa bututu. Sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan a sake shayarwa. In ta zo fure ne kawai ba a bari ta bushe. Da haka ana rage ruwa har kusan kashi uku cikin goma, amfani bai ragu ba. Sarkin Noma ya ce bana a gonarsa za a fara gwadawa, a fangali huɗu, kowa ya zo ya gani.

Ruwan kogi ma haka zancen yake, sai dai shi maƙwabtakar ta fi tsawo. Kogin da ya ratsa bayan garinmu daga ƙasar Kano ya taso. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Daga Tiga ake shayar da Kadawa da Kura da Bunkure, tumatirin Kwanar Gafan ruwanta ya sha, birnin Kano ma yana sha ta Tamburawa. Abin da ya saura shi ke gangarowa Haɗeja, ya bazu a dausayin Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya wuce Gashuwa da Gaidam yana neman Tafkin Chadi, tafkin da a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Mu muna ƙorafin na sama sun tare. Na taɓa kwana a Gashuwa, na ji da kunnena suna ƙorafin mu muka tare. Duk wanda ke bakin kogin nan akwai wanda ke ƙasa da shi.

Ga kuma kacala. Kawu ya ce a da kogi yana cika da damina ya malala fadama, a yi shinkafa da kamun kifi, ya janye a shuka a danshinsa, da rani ya ƙafe ƙaf shanu su yi kiwo a cikinsa. Da madatsun nan suka sa ruwa ya koma gudana rani da damina, sai ciyawar nan ta sami wurin zama. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. Wani gari ruwa ya kwanta a gonakinsu shekara da shekaru, wani garin kuma ko ɗigo ba ya isa. Jan-baki ya mayar da ita gida, daga nan yake tashi ya sauka a kan gero. A 2022 da ambaliya ta zo, ruwan da ya rasa hanya cikin gidaje ya bi, daga Ringim har Auyo da Haɗeja. Na shiga gayyar yankan kacala sau biyu, ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, matsattsaku a ƙafa, garuruwa huɗu muka haɗu. Ranar da muka fasa toshiyar muka ga ruwa ya miƙe, wani dattijo daga garin da ke ƙasa da mu ya zauna a bakin gaɓa yana share hawaye. Shekara uku rabon da ruwa ya je musu.

Rana ta yi ja. Liman ya ce jibi da hantsi za a fita roƙon ruwa a filin idi, a sanar da mata da yara, wanda ya iya ya tashi da azumi, wanda ke riƙe da hakkin wani ya mayar. Ya ce kuma a tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu guda na ruwa yake alwala, saboda haka kada mu ɗaga hannu muna roƙon abin da in an ba mu za mu bari ya bi hanya. Sarkin Noma ya ce bayan kaka zai tara masu inji na fadamar yamma a yi magana a kan ban-ruwan safe da yamma, da tazarar da za a bari tsakanin sabuwar rijiya da tsohuwa, da nisan da za a ba rijiyar unguwa. Wani ya ce masu sola ba za su zo ba. Sarki ya ce zai je gidajensu da kansa, da Goggo a gaba. Ba'adare ya ce in Mai Unguwa ya ba da fakon bayan maƙabarta, shi zai haƙa ɗari na farko.

Da na shiga gida na tarar da uwargida ta gama wanke-wanke, ta ɗauki ruwan ɗauraya ta kai gindin zogale ta juye a hankali, ta mayar da tsohuwar tabarmar da take rufe wurin da ita. Na tambaye ta ko akwai sauran irin wake. Ta ce akwai tiya ɗaya da rabi a tulu cikin toka, mai saurin nuna, tun bara ta ɓoye. Na ce ta fito da shi, in Allah ya sauko da ruwa zan bi tsakanin masarar nan da shi. Bayan Isha na ɗauko igiyar guga na ƙulla mata ƙulli a kowace gaba, na ɗaura dutse a baki, don daga gobe duk Juma'a in auna rijiyar lambu in rubuta. Wajen gabas ana ɗan walƙiya can nesa, iska ba ta juyo ba tukuna.